Sunaye Goma na Malam Nuhu

Duk lokacin da aka turo mini sababbin 'yan mata in koya musu aikin tambaya, sai an samu wadda za ta ce, "Anti Zuwaira, ai ba wani abu ba ne. Ki karanta tambaya, a ba ki amsa, ki danna waya, ki wuce gida na gaba." Na gaji da amsa wannan magana da baki, shi ya sa na zauna na rubuta. Mai karantawa ta karanta. Wadda ta ƙi, ƙauye zai koya mata, kuma ba da lallashi ba.

Ni ba tsohuwa ba ce, ban cika talatin ba. Amma na shekara takwas ina shiga gidajen mutane a ƙasar Batsari da Safana da takarda a hannu. Na yi tambayar rigakafi, na yi ta abincin yara, na yi ta rijiyoyi, na yi ta taki. Karatuna bai wuce sakandare ba. Duk abin da na sani na aikin nan a wurin mutum ɗaya na koya, kuma shi ne mutumin da na ɓata wa aiki.

Sunansa Malam Nuhu, ɗalibin jami'a ne a lokacin, yana neman digiri na biyu. Mahaifinsa ɗan Safana ne, amma aikin gwamnati ya kai shi Kaduna. Can aka haifi Malam Nuhu, can ya girma, Safana sai da salla. Da farko lissafi ya shiga jami'a ya karanta. Ya ce mini da ya shekara sai ya gane ba lambobin ne suka dame shi ba, yadda kan mutum ke riƙe su ne. Sai ya koma sashen nazarin halayyar ɗan Adam, ya gama digirin farko, ya yi bautar ƙasa yana koyarwa, ya dawo ya kama ɓangaren da ke binciken tunani: yadda mutum ke lura da abu, yadda yake riƙe shi, yadda yake kuɓuce masa. Abin da ke cin ransa shi ne kusan duk gwajin da ya karanta a littafi a kan 'yan makaranta aka yi shi, mutanen da suka saba jingina da biro. Shi kuwa so yake ya auna kan wanda bai taɓa rubuta komai ba: makiyayin da ya san kowace saniya da uwarta, da tsohuwar da ta san ranar da aka haifi jikokinta talatin.

Matsalarsa ɗaya, namiji ne, ba ya wuce zaure. Dole ya samu mace ta shiga ciki. A gidan ƙanwar mahaifinsa yake sauka a Safana, Gwaggo Kulu, wadda ƙawar mahaifiyata ce. Ita ta ce masa, "Akwai wata mai bakin tsiya, ta gama sakandare tana zaune tana faɗa da kowa. Ɗauke mana ita mu huta."

Ranar da na je, bayan gaisuwa, tambayarsa ta farko ita ce, "Kin iya shiru?"

Na ce, "Ban iya ba."

Ya ce, "To shi za ki fara koya."

Mako biyu muka yi a tsakar gidan Gwaggo yana koya mini. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai agogon dannawa mai igiya da ake ratayawa a wuya. Akwai katako mai matse takarda, da fensir uku, don ya hana ni biro. Akwai tawadar dangwala yatsa, da sabulun godiya. Sai babban kayan aikin, tiren silba da mayafin rufe shi, da abubuwa goma da ake jerawa a kai: allura, ashana, goro, kwalli, zare, makulli, ludayi, daddawa, reza da matsefi. Kowane da wurinsa a tiren, ba a sauya masa.

Ya yi mini bayanin abin da muke nema da misalin da har yau nake amfani da shi. Ya ce kan mutum yana da rumbu, yana da tafin hannu. Rumbu yana ɗaukar abin shekara arba'in. Tafin hannu kuwa kaɗan yake ɗauka, kuma da an taɓa ka ya zube. Mu tafin hannun muke aunawa, da yadda mutum ke dabarar kai abin da ke hannunsa rumbu kafin ya zube.

Gwaji biyu ne. Na farko, ki buɗe tire, ki danna agogo, rabin minti ki rufe. Sai ki ba matar ƙwarya da wake gauraye da masara ta tsince na minti ɗaya, don kada ta zauna tana nanatawa a zuci. Sannan ta faɗi abin da ta gani. Na biyu, ki karanta mata sunayen mutane goma, a hankali, murya ɗaya, ba ɗagawa ba saukarwa. Ta sake tsintar wake. Sannan ta faɗo sunayen da ta riƙe. Sunayen nan ko a barci aka tashe ni zan kawo su: Musa, Hauwa, Garba, Binta, Audu, Sani, Amina, Lawal, Rabi, Iro. Ya ce da gangan ya zaɓi waɗanda suka fi yawa a ƙasar, don kada wata ta ce baƙon suna ne ya ba ta wuya. A kan ƙawayena 'yan mata muka yi ta gwadawa, komai ya tafi daidai. Gwaggo kuwa cewa ta yi ita ba mai auna mata kai, ba buhun gero ba ce.

Saura kwana biyu mu fita, wata tsohuwa maƙwabciyar Gwaggo ta yarda in gwada ta da tire yana kallo. Ta kawo takwas ta tsaya tana kallon sama. Ni kuma zaman jira yana ci mini rai. Na ce, "Haba Iya, abin ɗinki fa?" Ta ce, "Allura!" Na rubuta tara.

Malam Nuhu ya karɓi takardar ya yage ta a gaban tsohuwar, a gaban Gwaggo. Iya ta ga abin ya zama faɗa, ta ɗauki sabulunta ta fice, ko sunayen ba mu kai ba.

Ya ce, "Wannan taran taki ce, ba tata ba. A nan ke ba jikarta ba ce, sikeli ce. Abin da ta faɗa shi za ki rubuta. Abin da ba ta faɗa ba, babu shi. Ba ki gyaɗa kai, ba ki murmushi, ba ki zaro ido. Sau ɗaya tak za ki ce, akwai saura? Shi ke nan."

Sannan ya sassauta murya, ya nuna mini wani fili a ƙasan takardar, layi huɗu babu komai. Ya ce, "Nan kuma naki ne. Ni ba zan ga matan nan ba, ke za ki gan su. Duk abin da idonki ya gani, ko kina ganin shirme ne, rubuta shi a nan."

Maganar farko na riƙe. Ta biyun na bar ta a tsakar gidan, don a lokacin kunnena zafi yake. Ba a taɓa yaga mini takarda a gaban mutane ba.

Aikina na farko na gaske a Karare ne, bayan an gama girbi. Mun tafi a babura biyu, muka fara da gidan mai gari, aka yi gaisuwa mai tsawo har na ƙosa. Malam Nuhu ya yi bayani. Wani dattijo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To Malam, ka taso tun daga Kaduna ka auna muna kai. Naka wa ya auna?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya so a riƙa ɗaukar muryar mata a na'ura don ya saurara daga baya, magidanta suka ce a'a, muryar iyalinsu ba za ta shiga jakar wani ƙato ba. Bai ja ba. Ku riƙe wannan: daga ranar, babu abin da zai san ya faru a cikin gida sai abin da fensirina ya rubuta. Kuma ya hana a sa sunan mace ko na gidanta a takarda, lamba kawai, don ya yi musu alkawarin ba wanda zai san wace ce ta ci nawa.

Gidan farko na wata Inna Hajo ne, mai ƙuli-ƙuli. Na same ta a bakin murhu tana suya, surukarta na murza mata. Na gaishe ta a durƙushe, na karanta mata takardar amincewa, ta dangwala yatsa har da maiƙo a jiki. Na buɗe tire, ko juyowa sosai ba ta yi ba, ta kalle shi ta gefen ido tana juya ƙuli. Na rufe. Ta tsinci wake da hannu ɗaya. Sannan ta jero goman nan, daga dama zuwa hagu, yadda suke a tiren. Ta ƙara da cewa, "Allurar taki ta yi tsatsa, ɗiyata, ki sake wata."

Na karanta sunaye. Ta tsinci wake. Ta fara: Hauwa, Binta, Sani, Amina, Lawal, Rabi, Iro. Ta tsaya. Ta mai da ido cikin kasko.

Na ce, "Akwai saura?"

Ta ce, "Su ke nan dai, ɗiyata."

Surukar ta sunkuyar da kai tana danne dariya da gefen mayafi.

Ba sai an gaya mini ba. Da muna shigowa na ji an ce nan ne gidan Malam Garba. Babban ɗanta, mijin mai dariyar, Musa ne. Audu kuwa ko ban tambaya ba na san uban mijin Inna Hajo ne. Duk wadda ta tashi a ƙasar nan ta san wannan. Mace irin Inna Hajo ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na surukanta, ba ta kiran na ɗanta na fari, ko da wani ne can daban mai sunan. Mahaifiyata ta shekara talatin da biyar da mahaifina, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Inna Hajo ba ta manta komai ba. Sunayen uku suna tafin hannunta, ta dai ƙi buɗewa ne a gaban yarinya kamata.

Na dubi layi huɗun da ke ƙasan takarda. Na rubuta bakwai a sama. Na bar ƙasa fari.

Da yamma muna jiran masu babura, ya karɓi takardun yana dubawa. Ya ce, "Lamba ɗaya, tire goma, sunaye bakwai. Lamba biyu, tire tara, sunaye shida. Ikon Allah. Kin lura da wani abu?"

Na ce, "Abin da suka faɗa na rubuta, Malam."

Ya ce, "Madalla. Haka ake so."

Kada wata ta ce tsoro ne ya hana ni. Ni ba na tsoron kowa. Haushi ne, na ce tunda sikeli ce ni, to sikeli ba ta magana. Akwai kuma raini. A lokacin ina ganin wannan kunyar ƙauyanci ce, in sun ƙi faɗa su suka sani. Sannan akwai gaggawa. Na san in na buɗe baki zai ce a tsaya, a koma Katsina a sake buga takardu, a sake mako biyu a tsakar gidan Gwaggo. Na ce gobe na gaya masa. Gobe ta yi ta wuce, takardu suka kai goma sha biyu, faɗar ta ƙara nauyi. Da suka kai talatin na daina ma tunanin.

A ɓangarensa abin bai fito fili ba. Mazan da yake gwadawa da kansa a zaure sukan jero sunayen kamar suna kiran kayan kasuwa. Ɗaya-ɗaya ne zai ce, sai mai sunan tsohona, Allah ya jiƙansa, Malam Nuhu ya tambayi wanne, a gaya masa, ya ba shi makinsa. Yana zaton haka ake yi a ciki. Mata kuwa ko alamar ba sa yi. Shiru kawai.

Wata huɗu muka yi, kuma a cikinsu na koyi abin da ake biyana dominsa yau. Ba a shiga gida lokacin daka ko lokacin ɗora tukunya, hantsi ake shiga, in an sallami yara an share gida. Ba a zuwa ranar kasuwar Batsari, rabin gari ba ya nan, sauran rabin hankalinsu na can. Ba ki zama a kujera matar tana tabarma. Ba ki fito da sabulu sai kin gama, in ba haka ba maƙwabta za su cika gidan, kowa na raɗa mata amsa. A wani ƙauye kusa da Safana wata ta ce ita ba ta dangwala yatsa sai an gaya mata yaushe za a kawo buhun shinkafar. Na ce babu shinkafa. Ta ce, "To mi kuka zo yi?" Na ce kai muke aunawa. Ta ce, "Ku tafi gidan Sahura, ita ce nata ya kwance." Wani magidanci kuma ya dage sai ya zauna a gwada matarsa a gabansa. Na ce to shi zan fara gwadawa a gabanta. Nan take ya tuna yana da aiki a gona.

Duk wannan na iya shi, kuma na iya shi da kyau. Tirena bai taɓa wuce rabin minti a buɗe ba. Muryata ba ta taɓa sauyawa a kan suna ɗaya ba. Mata sittin da uku na gwada, ban sake taimaka wa ko ɗaya ba. Kuma kusan kowacce, in dai ta manyanta, sai ta tsaya a wani wuri ta dubi ƙasa, ko ta gyara ɗankwali, ko ta kira jika ta aike shi. Takarda sittin da uku, ƙasan kowacce fari.

Ya tattara takardunsa ya koma makaranta. Bai daɗe da tafiya ba muguwar shekarar nan ta 'yan bindiga ta shigo. Ba sai na ba ku labarinta ba, wasunku a cikinta kuka baro gidajenku. Hanyoyin da muke bi da babur da hantsi suka zama ba mai bin su ko da rana tsaka. Aka bar gonaki. Ƙauyukan da na sha fura a cikinsu wasu suka watse, mutane suka kwararo Batsari da Safana da Katsina da abin da kai ya iya ɗauka. Ni ina gida ba aiki. Shi yana can yana rubutu.

Bayan kusan shekara ya zo Safana, ya aika a kira ni. Na same shi bayan la'asar a tsakar gidan Gwaggo, da tulin takardu a cinya, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya ce ya gano abin da bai taɓa gani a wani littafi ba. A tire mata sun yi daidai da maza, har sun ɗan fi su. Amma a sunaye sun faɗi ƙasa warwas, kuma tsofaffi sun fi faɗuwa. Ya yi babi guda a kai. A ganinsa, namiji yana fita kasuwa da masallaci da gona, kullum yana haɗuwa da sababbin mutane, kansa ya saba kama suna. Mace kuwa tana cikin gida da mutanen da ta riga ta sani, sai wannan ɓangaren ya yi sanyi. Malamin da ke duba aikinsa ya yaba ƙwarai. Har an yi masa hanyar zuwa wata jami'a a ƙasar waje ya yi digiri na uku a kan wannan batu, da sharaɗin ya kammala a shekarar.

Ina zaune ina kallon takarduna a cinyarsa.

Gwaggo Kulu tana gefe tana gyaran zogale. Ta ce, "Wai mu ne ba mu riƙe suna? Kai Nuhu, ni da na san sunan kowa a garin nan har da awakinsu? Kawo abin naka in gani."

Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, da kin ce ke ba buhun gero ba ce."

"Yau na zama. Karanto."

Ya karanta mata goman. Babu wake a kusa, ya ce ta ci gaba da zogalenta minti ɗaya. Sannan ta jero takwas ba ko numfashi, ta tsaya.

Ya ce, "Akwai saura?"

Ta ci gaba da gyaran zogalenta.

Ya ce, "Kin gani ko, Gwaggo? Biyu sun zube. Lawal da Sani."

Ta aje tiren zogalen. Ta ce, "Zubewa? Ka ji ɗan Kaduna. So kake in kama sunan mai gidan nan da bakina, yana kwance a kabarinsa? Ko na yayanku da na haifa da fari? Ba su zube ba, ɗan nan. Ga su nan. Ba a dai faɗa ne."

Na ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa. Ya dubi takardun cinyarsa, ya daɗe. Sannan ya juyo gare ni.

"Zuwaira, haka suke yi a ciki?"

"Haka suke yi."

"Su nawa?"

"Kusan duk manyan."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun lamba ɗaya."

Na shirya wa faɗa. Na ma shirya amsa, zan ce ai kai ka ce abin da ba ta faɗa ba babu shi. Bai ba ni damar ba. Ya zaro takarda ɗaya daga cikin nawa, ya dubi ƙasanta, ya zaro wata, ya zaro wata. Gwaggo ce ta yi magana, ta ce, "Ke kuwa da bakinki ba ya rufuwa, a nan kika ga wurin rufe shi?"

Washegari ya ce a gwada gyara. In mun san sunayen da kowace mace ba ta iya faɗa, sai a cire su daga lissafinta. Amma takardun lamba ce kawai a jiki, kamar yadda ya yi alkawari. Sai abin da ke kaina. Kwana uku na yi a ɗakin Gwaggo da takardun a gabana, ina ƙoƙarin tuna lamba ashirin da bakwai wace ce, gidan wa, wa ta haifa da fari. Shekara ta wuce. Goma sha ɗaya na iya rantsewa a kansu. Sauran ina cewa kamar, ina jin, wataƙila. Ya ce ba a gina littafi a kan wataƙila.

Saura a sake gwajin da wani jerin, sunayen garuruwa ko na dabbobi. Amma a ina? Hanyar ƙauyukan a rufe take, matan sun watse. Muka ji wasu suna zaune a wata makarantar firamare a Batsari, muka je. Na samu biyu da na gane. Na shimfiɗa tabarma a bayan aji na buɗe wa ta farko tire. Matar da bara ta kawo tara, yau huɗu ta kawo, kuma ana rufe wata ƙofa da ƙarfi ta miƙe tsaye, wake ya watse. Na fito na gaya masa. Wannan karon na gaya masa duk abin da na gani.

Ya ce, "Naɗe tabarmar. Wadda ta yi wata uku ba ta yi barcin kirki ba, in kin auna ta tsoro kika auna. Kuma ba daidai ba ne mu zo musu da wannan yanzu." Muka bar musu sabulun duka, muka tafi.

Ya koma ya gaya wa malaminsa gaskiya. Aka cire babin. Aka cire matan gaba ɗaya, har da sakamakon tire, don an ce takardar da rabinta ya lalace ba a tsayawa a kan sauran rabin. Ya sake tsara littafin a kan maza kaɗai, abin ya ci masa ƙarin shekara. Kafin ya gama, gurbin ƙasar wajen an ba wani. Bai sake samun irinsa ba. Yanzu yana koyarwa a wata kwalejin horar da malamai, yana da iyali, kuma in ana neman mai shiga gidaje a yankin nan, har yau sunana yake bayarwa.

Da aka ɗaure littafin ya aiko mini da ɗaya ta hannun Gwaggo. Da Turanci ne, mai nauyi, na yi ta fama da shi ina tsallake abin da ya fi ƙarfina. Can wajen ƙarshe na samu inda ya yi bayanin dalilin da babu mata. Ya rubuta cewa shi ya tsara jerin sunayen, bai yi la'akari da al'adar mutanen mahaifinsa ba, don haka ma'aunin ya lalace daga tushe, kuma kuskuren nasa ne. Na karanta wurin sau uku ina neman inda ya ambaci mai taimaka masa. Babu. Sunana a shafin godiya kawai yake.

Na kira shi a waya. Ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba.

Na ce, "Malam, me ya sa ba ka rubuta ni ce ba?"

Ya ce, "Ni na zaɓi sunayen, Zuwaira."

Na ce, "Amma ni na gani."

Ya ce, "E. Ke kika gani."

Ya tambayi jikin mahaifiyata, ya ce ɗalibai na jiransa a aji, muka yi sallama.

Littafin na maza ne daga bango zuwa bango. Mata sittin da uku suka aje aikinsu suka ba ni hantsinsu, suka dangwala mini yatsa. Ko ɗaya ba ta ciki.